Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Laftof Na'urar Kallo a Falo

Laftof ɗin da ta fara nawa wajen aikin ofis, ko wadda allonta ya tsage, ko batirinta ya daina riƙe caji, sau da yawa da sauran ƙarfinta. Idan aka haɗa ta da talabijin, za ta iya zama ita ce mai kunna fina-finai, waƙoƙi, hotuna da shirye-shiryen intanet a falo. Kunna bidiyo ba ya wahalar da kwamfuta matuƙar sashen hotonta ya san irin bidiyon da aka ba shi. Wannan shi ne jigon aikin, kuma a nan masu farawa suka fi tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Na sha yin wannan aiki da kwamfutoci iri-iri, kuma ba na cewa an gama sai kowa a gida ya iya ɗaukar rimot ya kunna abin da yake so ba tare da ya kira mai kwamfutar ba.

Sunayen saiti zan rubuta su yadda suke bayyana a allo, don ka gane su da zarar ka gani.

Kayan da za ka tanada

- Laftof ɗin da cajarta. Firosesa mai 64-bit, da RAM gigabait 4 idan da hali. Gigabait 2 ma zai yi a ɗaya daga cikin hanyoyin da zan kawo.
- Kebul ɗin HDMI. Kebul ɗaya ne, amma yana ɗaukar hoto da sauti tare.
- Filash mai gigabait 4 ko fiye, wanda ba ka buƙatar abin da ke cikinsa, domin za a goge shi.
- Ƙaramin sukudireba, burushi mai laushi, da abin hura iska.
- Abin sarrafawa daga kujera: ƙaramin kibod marar waya, ko rimot mai ɗan filogin USB, ko wayarka ta hannu.
- Diskin waje don ajiye fina-finai, idan suna da yawa.
- Kebul ɗin intanet daga rauta, idan rautar ba ta yi nisa ba.

Idan laftof ɗin ba ta da ramin HDMI, duba ko tana da DisplayPort ko ƙaramarsa, sai ka nemi adafta zuwa HDMI. Idan VGA kawai gare ta, wato ramin nan mai huji 15, akwai na'urar da ke juya VGA zuwa HDMI. Kula da kyau wajen saye: mai juya VGA zuwa HDMI daban take da mai juya HDMI zuwa VGA, kuma ba sa aikin juna ko da sun yi kama. VGA ba ya ɗaukar sauti, saboda haka wadda ta dace za ka gan ta da 'yar wayar da ake sokawa a ramin iyafis, da wata ta USB da take shan wuta da ita. Ramin USB-C kuwa ba kowanne ke fitar da hoto ba, sai ka duba takardar kwamfutar.

1. Duba lafiyarta tukuna

Fara da batir. Kifa laftof ɗin ka dube ta. Idan ƙasanta ya kumbura, ko wurin taɓawa na linzami ya taso, ko murfin ba ya rufuwa daidai, batirin ya kumbura, kuma dole a cire shi kafin a ci gaba. Kada ka huda shi, kada ka matsa shi, kada ka jefa shi a kwandon shara. Kai shi inda ake karɓar tsofaffin batura. Yawancin laftof suna aiki da caja kaɗai ba batir, duk da wasu sukan rage gudunsu.

Idan batirin lafiya yake, bar shi. Zai riƙe kwamfutar idan wuta ta ɗauke ko wani ya fizge filogi. Sai dai zama a cike ɗari bisa ɗari kullum, cikin zafi, shi ke saurin lalata batirin lithium. Kamfanoni irin su Lenovo, Dell da ASUS sun sa wa wasu kwamfutocinsu saitin da ke tsayar da caji a kashi 60 ko 80. Idan taka tana da shi, kunna shi yanzu, tun Windows na nan, domin wasu sai ta manhajar kamfanin ake isa gare shi.

Sai fanka. Kashe kwamfutar, zare caja, buɗe murfin ƙasa, ka share ƙurar da ta taru tsakanin fanka da ƙarafunan fitar da zafi. Yayin hura iska, tokare fankar da tsinke don kada ta yi ta juyawa da ƙarfi, hakan na lalata ta. Ƙarar fanka da ba ka damu da ita a ofis ba, a falo da dare sai ta hana ka jin maganar 'yan fim. Idan ka iya, canza man fitar da zafi da ke kan firosesa, wanda ya daɗe ya bushe. Idan ba ka taɓa yi ba, sharar ƙura kaɗai ma tana kawo sauƙi sosai.

Diski mai juyawa zai yi aiki, amma ƙaramin SSD, wato diski marar juyawa, mai gigabait 120 zai sa ta tashi cikin daƙiƙu kaɗan, kuma ba shi da ƙara. Kwashe duk hotuna da takardun da kake so daga cikinta kafin mataki na 5.

2. Gano abin da za ta iya kunnawa

Fayil ɗin bidiyo a matse yake, kuma sai an warware shi kafin ya zama hoto. Hanyoyin matsewar da za ka fi cin karo da su huɗu ne: H.264, da HEVC wanda ake kira H.265 ko x265, da VP9, da AV1. Idan sashen hoton kwamfutar yana da ɓangaren da aka gina musamman don warware wata hanya, bidiyon zai tafi sumul, kwamfutar na sanyi. Idan babu, firosesa ne zai ɗauki aikin da ƙarfin tsiya, sai fanka ta tashi, hoto ya riƙa tsinkewa, sauti ya riga baki.

A kwamfutocin Intel, lambar firosesa ce ke faɗa maka zamaninsa. i5-3320M zubi na 3 ne, i5-6200U zubi na 6, i5-7200U zubi na 7, i5-1135G7 zubi na 11. Ga yadda abin yake:

- Zubi na 2, wanda ya fito a 2011, zuwa sama: H.264 a 1080p ba matsala.
- Zubi na 6, na 2015: ya ƙara da HEVC mai 8-bit.
- Zubi na 7: HEVC mai 10-bit da VP9.
- Zubi na 11, na 2020: AV1.

Ke nan laftof ta 2012 za ta kunna fim mai H.264 a 1080p ba gargada, amma ka ba ta wannan fim ɗin a x265 mai 10-bit, ko da fayil ɗin bai kai rabin girman na farko ba, sai ta shaƙe. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa kwamfutar ta mutu, alhali abincin da ba ta iya taunawa aka ba ta. Maganin shi ne ka riƙa zaɓen fayil mai H.264, ko ka juya waɗanda kake da su da manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, a wata kwamfutar da ta fi ƙarfi.

YouTube ma haka. Yakan aiko da VP9 ko AV1 idan burawuza ta ce za ta iya, ko da firosesa ne zai sha wahalar. Akwai ƙaramin ƙari na burawuza mai suna h264ify da ke tilasta masa aiko da H.264. Ba za ka wuce 1080p ba, amma zai tafi lafiya.

Game da 4K, shawarata ka cire rai idan kwamfutar ta girmi zubi na 7. Ko sababbin ma, da yawansu ramin HDMI ɗinsu 1.4 ne, wanda ke tsayawa a hoto 30 cikin daƙiƙa a 4K. Fayil mai HDR kuma, wato mai ƙarin haske da zurfin launi, idan na'urar ba ta san shi ba, launinsa kan fito a koɗe. Daga kujera, 1080p mai tafiya daidai ya fi 4K mai tsalle-tsalle daɗin kallo.

3. Gwada da talabijin kafin ka goge komai

Soka HDMI, ka zaɓi ramin da ka soka a rimot ɗin talabijin. A Windows danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi *Second screen only*. Kunna bidiyo ka tabbatar hoto ya fito, sauti kuma daga talabijin yake fita ba daga laftof ba. Bar shi ya yi kamar rabin awa, sannan ka taɓa jikin kwamfutar ka ji zafinta.

Idan gefen hoton ya yanke, har ba ka ganin layin ƙasa na Windows, laifin talabijin ne, yana zuƙo hoton. Kada ka gyara daga kwamfuta. Shiga saitin girman hoto na talabijin: LG na kiransa *Just Scan*, Samsung *Screen Fit* ko *Fit to Screen*, Sony *Full Pixel*.

4. Zaɓi babbar manhajar da za ta zauna a kai

Manhajar da za ka riƙa gani a talabijin ita ce Kodi. Kyauta ce, asalinta daga na'urar wasan Xbox ta farko, an daɗe ana kiranta XBMC kafin a sauya mata suna a 2014. An tsara ta don a karanta ta daga nesa, a sarrafa ta da kibiyoyi huɗu da maɓallin amincewa. Tambayar ita ce me zai zauna a ƙarƙashinta, kuma amsar ta danganta da abin da gidanku ke kallo.

Idan yawancin kallonku fayiloli ne da kuka mallaka, LibreELEC ya fi. Ɗan ƙaramin Linux ne, wato babbar manhaja mai maye gurbin Windows, da ya fito a 2016, ba abin da ke cikinsa sai abin da zai tayar da Kodi. Ka kunna kwamfuta, Kodi ta bayyana, shi ke nan. Gigabait 2 na RAM ya ishe shi. Ni shi nake zaɓa a duk lokacin da ya yiwu, don babu saƙon sabuntawa da zai faɗo tsakiyar fim, babu kuma tagar da yaro zai rufe bisa kuskure. Raunin sa ɗaya: ba shi da burawuza.

Idan kuwa Netflix da makamantansa ne kallonku, kuna buƙatar burawuza. Waɗannan kamfanoni suna kulle bidiyonsu, kuma a Linux sukan rage ingancin hoton, galibi zuwa 720p. A nan Windows ta fi. Sai dai ka sani Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama, ban da 'yan kaɗan. Don haka idan za ka bar tsohuwar Windows, kada ka shiga banki ko imel da wannan kwamfutar, ka bar ta ga kallo kawai.

Tsaka-tsakin su biyun shi ne Linux Mint, musamman nau'in Xfce mai sauƙin nauyi: ga Kodi, ga burawuza, ga sabuntawar tsaro.

5. Girkawa

Ga mai LibreELEC: a wata kwamfutar, sauke fayil ɗin *Generic* daga shafinsu. Idan laftof ɗinka tana da sashen hoto na Nvidia, karanta bayanin shafin da kyau, don ba kowane fayil ne ke tafiya da shi ba. Rubuta fayil ɗin a filash da manhajarsu USB-SD Creator, ko da balenaEtcher. Kwafe shi kawai cikin filash ba ya aiki, sai an rubuta.

Soka filash ɗin a laftof, kunna ta, ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi. Maɓallin ya bambanta: F2 a Dell da yawancin wasu, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Kashe *Secure Boot*, ka ajiye. Sake kunnawa ka buɗe jerin abin da za a tashi da shi, F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP, ka zaɓi filash.

A farkon tashi yana ba ka damar rubuta *live* don ka gwada daga filash ba tare da an taɓa diskinka ba. Yi hakan. Duba Wi-Fi, sauti da hoto. Sai komai ya yi sannan ka koma ka zaɓi girkawa. Mai girkawar yana goge diskin da ka nuna masa gaba ɗaya, ba ya raba wuri da Windows, saboda haka zare duk wani diskin waje kafin ka fara, kada hannu ya zame.

Ga mai Windows: sauke Kodi daga shafinta na asali ko daga Microsoft Store. Don ta riƙa tashi da kanta, danna Windows da R, rubuta shell:startup, ka saka gajeriyar hanyar Kodi a foldar da ta buɗe. Saita kwamfutar ta riƙa shiga ba tare da neman kalmar sirri ba, ka cire duk manhajojin da ke tashi da ita ba dalili.

6. Murfi da allon laftof

Laftof an yi ta ne ta yi barci da zarar an rufe murfinta. A Windows shiga *Control Panel*, *Power Options*, *Choose what closing the lid does*, ka mayar da shi *Do nothing*. A Linux Mint saitin yana cikin sarrafa wuta. Idan ya ƙi ji, buɗe fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf ka sa HandleLidSwitch=ignore.

A LibreELEC matsalar wata ce daban. Allo ɗaya yake amfani da shi, kuma wani lokaci sai ya zaɓi na laftof ya bar talabijin baƙi ƙirin. Fara duba BIOS ko akwai wurin zaɓen allon farko. Idan babu, kunna SSH, wato hanyar ba ta umarni daga nesa, a saitin LibreELEC, shiga daga wata kwamfutar da sunan mai amfani root, ka ba foldar /flash damar karɓar gyara da umarnin mount -o remount,rw /flash, sannan a fayil ɗin syslinux.cfg ka ƙara video=eDP-1:d a ƙarshen layin da ya fara da APPEND. A tsofaffin kwamfutoci sunan allon LVDS-1 ne maimakon eDP-1. Wannan yana kashe allon ciki gaba ɗaya. Shi ne wuri mafi wuya a duk aikin, kuma sau ɗaya ake yin sa. Idan ka gama, kashe SSH ɗin ko ka canza kalmar sirrinsa, don ta asali kowa ya san ta.

Wasu laftof suna shaƙar iska ta tsakanin maɓallan kibod. Idan ka lura zafi na ƙaruwa bayan rufe murfi, bar shi a ɗan buɗe.

7. Saita hoto da sauti a Kodi

Shiga saiti, a ƙasa ta hagu ka ɗaga matakin zuwa *Expert*, in ba haka ba rabin abubuwan a ɓoye suke.

A *System*, *Audio*, zaɓi HDMI a matsayin mafitar sauti. Idan lasifikar talabijin kawai gare ka, bar adadin tashoshin sauti a 2.0. Sa 5.1 ba tare da lasifikun ba yana sa maganar 'yan fim ta ɓace, a bar ka da kiɗa da ƙarar motoci, domin magana tana tashar tsakiya ne. Saitin *Passthrough*, mai miƙa sautin yadda yake ga wata na'ura, na masu amfilifaya ne.

A *Player*, *Videos*, tabbatar an kunna warwarewa ta na'ura: VAAPI a Linux, DXVA2 a Windows. Sannan ka sa *Adjust display refresh rate* a kan *On start/stop*. Dalili shi ne yawancin fina-finai hoto 24 ne cikin daƙiƙa, talabijin kuma yakan zauna a 60. Ashirin da huɗu ba ya shiga sittin daidai, shi ya sa kake ganin ɗan karkarwa idan kyamara na tafiya a hankali. Da wannan saitin talabijin zai koma gudun fim ɗin. Zai yi duhu na daƙiƙa ɗaya ko biyu a farko, ba lalacewa ba ce.

Don ka tabbatar, kunna fim ka danna harafin O a kibod. Idan ka ga HW kusa da sunan mai warware bidiyon, sashen hoto ke aikin. Idan SW ne, firosesa ke fama, ka koma mataki na 2.

8. Jera fina-finan

Kodi tana ɗauko hoton fim da bayaninsa daga rumbun The Movie Database, amma da sunan fayil take nema. Raba folda: ɗaya ta fina-finai, ɗaya ta masu dogon zango. Sunan fim ya zo da shekararsa a baka. Masu dogon zango kuma kowanne da foldarsa, kowane kashi da lamba irin S01E03, wato zango na 1 kashi na 3. A *Videos*, *Files*, *Add videos*, nuna foldar ka faɗa mata abin da ke ciki. Bidiyon iyali da duk abin da ba ya cikin wancan rumbun, ba su tasu foldar ka bar nau'inta a *None*, idan ba haka ba za ta manna musu hotunan finafinan da ba su da alaƙa da su.

Diskin waje kada ya zama FAT32, don ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. NTFS ko exFAT sun yi. LibreELEC yana buɗe foldodinsa ga sauran kwamfutocin gida, sai ka riƙa tura fayil ta rauta ba tare da ka tashi ba. Kebul ɗin intanet ya fi Wi-Fi tabbas, idan kuma Wi-Fi ne dole, hau kan 5 GHz idan katin kwamfutar ya san shi.

Za ka ci karo da bidiyoyi masu koya maka saka wa Kodi wasu ƙananan manhajojin ƙari da ke ba da sababbin fina-finai da ƙwallo kyauta. Satar fasaha ce, yau suna aiki gobe sun mutu, kuma kana ba wa manhajar da ba ka san mai ita ba damar shiga na'urar da ke kan rautar gidanka. Tsaya kan rumbun Kodi na asali, ka bar *Unknown sources* a kashe.

9. Rimot

Mafi sauƙi ita ce waya. A *Services*, *Control*, kunna *Allow remote control via HTTP*, sa kalmar sirri, ka kuma ba manhajojin wasu na'urori izini. Sauke Kore ko Yatse a Android, ko Official Kodi Remote a iPhone. Dole wayar da kwamfutar su kasance kan rauta ɗaya.

Waya tana da kyau wajen rubuta sunan fim, amma gida na buƙatar rimot na gaske da zai zauna a kan tebur. Masu ɗan filogin USB kwamfuta na ɗaukarsu a matsayin kibod, ba sa buƙatar saiti. Rimot ɗin talabijin kansa ba zai yi aiki kai tsaye ba, domin akasarin laftof ba su san HDMI-CEC ba, wato hanyar da rimot ɗin talabijin ke sarrafa na'ura ta kebul ɗin HDMI. Idan shi kake so, akwai adaftar USB-CEC ta Pulse-Eight, ko Flirc wanda ke koyon kowane rimot mai infrared.

10. Inda za ta zauna, da yadda za a tashe ta

Ɗora ta kan abu mai tauri, ba kafet ba, ba cikin rufaffen kabad ba, ba kuma kan amfilifaya mai zafi ba. Ɗaga bayanta kaɗan iska ta ratsa ƙasa.

Maɓallin kunnawa yana ƙarƙashin murfi, wanda ke nufin sai an jawo ta an buɗe kullum. Hanyoyin kauce wa hakan biyu ne. Wasu BIOS suna da saitin *Power on AC* ko *Wake on AC*, wanda ke tayar da kwamfutar da zarar wuta ta shigo cajarta, sai ka riƙa kunna ta daga soket. Ko kuma ka riƙa sa ta barci maimakon kashewa, ka kunna *USB Wake Support* a BIOS don rimot ya iya tashe ta. Gwada barcin sau da yawa kafin ka dogara da shi, domin wasu kwamfutocin idan sun farka sauti na HDMI ba ya dawowa. Idan taka haka take, saita ta ta riƙa kashe kanta bayan awa ɗaya ba a taɓa ta ba, a *System*, *Power saving*, ka dogara da soket wajen kunnawa.